Mai Kumba da Ɓeran da Ba Shi da Suna

A unguwar da ke bayan tsohuwar gada, inda hanyar kasuwa take gangarawa ta ƙare a bakin kogi, akwai wata mata da kowa ke kira Mai Kumba. In ka gaishe ta za ta amsa, ba laifi. Amma in ka ƙara da tambayar lafiyar gida, sai ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce, "Me aka ce maka ya sami gidan?" Gajera ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk kanta, kuma kullum da tarin makullai ɗaure a ƙugunta, kana jin ƙararsu tun kafin ta ɓullo kwana. Gidan nan nata, har akwatin da take ajiye gishiri da sukari kwaɗo gare shi.

Sana'arta kumba ce. Wanda bai tashi a bakin ruwa ba ba lalle ya san ta ba. Wata halitta ce da ke kwance cikin laka a ƙasan kogi, ɓawo biyu haɗe da ɗan nama a tsakaninsu. Ba ta cizo, ba ta gudu, abu ɗaya kawai ta iya: da ta ji motsi sai ta rufe baki gam. Da sassafe matar nan kan shiga ruwa har ƙugu tana lalube da yatsun ƙafa, in ta taka ta sunkuya ta ɗauko. Ba ta kai su gida a ranar. Zubawa take cikin wani babban kwandon waya da ta ɗaure jikin turke, gefen wani faffaɗan dutse, su ɗan kwana biyu a ruwa mai gudu har su amayar da lakar cikinsu. Naman ta busar ta kai wa masu abinci da masu kiwon kifi. Ɓawon kuwa na Mai Maɓalli ne, wani tsoho mai ɗan shago a bakin kasuwa, wanda yake yanka shi ya goge ya huda, ya fitar da maɓallan riga masu sheƙi.

Masu kumba suna da yawa a kogin, amma tsohon nan ba ya karɓar ɓawon kowa sai nata, kuma da dalili. Sauran wuƙa suke zurawa su ɓalle, gefen ya gutsure. Wasu dafawa suke, sheƙin ya mutu. Ita kuwa abin da babansu ya koya musu take yi: in rana ta ɗaga, sai ta jera su a kan dutsen nan, ta koma gefe ta zauna. Kumba duk taurin bakinta ba ta jure zafi. In ta ji jiki da kanta take buɗewa, sai a sa yatsa a zare naman, ɓawon ya fito garau, biyu haɗe ba ko ƙwarzane. Baban yakan ce musu, "Kada ku yi mata dole. Ku jira ta." Mutum biyu kaɗai ya koya wa wannan aikin, ita da ƙanenta, wanda har ya yi gemu ba ta daina kiransa Auta ba.

Kada a yi saurin zaginta, ba da wannan halin aka haife ta ba. Uwarsu ta rasu Auta yana rarrafe, baban ya bi bayanta ita tana ’yar budurwa. Ranar rasuwar wani kawunsu ya fi kowa kuka, har sai da aka riƙe shi. Bayan ’yan kwanaki ya ce kwalekwalen marigayi yana yoyo, zai kai shi gyara, ya haɗa da taru da komai. Har yau ana gyaran. Tun daga nan ta daina yarda da hawaye da daɗin baki, ta goyi ƙanenta ta shiga ruwa da ƙafarta. Ta yi aure, mijin ya rasu, ’yarta ɗaya tilo ta yi aure can nesa. Auta kuma da ya kawo ƙarfi ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa cikin laka ba, ya shiga duniya, aka yi shekara da shekaru sai dai a ji labarinsa a bakin direbobi.

Wata rana da la'asar tana shanya nama a tsakar gida, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa, ya rame, da jaka ɗaya a kafaɗa. Ya ce, "Yaya, na dawo."

Ta yi murna, murna ta gaske, har sai da ta zauna a kan turmi. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ka ci abinci?" Ta kwashe buhunan ɓawo daga ƙaramin ɗaki, ta share, ta shimfiɗa masa katifar ’yarta. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi wa ko mijinta ba: ta kwance makulli ɗaya daga ƙugunta, na ƙofar gida, ta miƙa masa.

Matsalar ita ce Auta ya dawo ba baki. Ina ka zauna? Wurare. Wane aiki ka yi? Iri-iri. Ina wayarka? Ta lalace. Ka yi aure? Sai ya yi murmushi ya dubi ƙasa. Yana ɗebo mata ruwa, ya gyara mata rufin kicin da ya daɗe yana zuba, in ta yi ciwon baya shi ke jera kumba a kan dutse, kuma hannunsa bai manta ba. Amma in ba aiki, sai ya ɗauki ƙugiya ya tafi ƙasan gada ya zauna cikin ciyawa kusa da dutsen, ya wuni, ya dawo ko tarwaɗa ɗaya babu.

"Kai da kumbar nan ba ku da maraba," in ji ta. "Ita ma ta fi ka, in ta sha rana tana buɗe baki."

Ya yi dariya ya ce, "To ki shanya ni mana, Yaya."

Da an tsaya nan da lafiya lau. Sai wata mai sayar da kayan miya, irin matan nan da labari ke yi wa ƙaiƙayi a harshe, ta ja ta gefe a kasuwa. Wai ɗan'uwan mijinta direba ya ce Auta a wani babban sito ya yi aiki, kaya suka ɓace, aka sallami mutane, har da shi. Mai Kumba ta wanke matar tas, ta ce in ta ƙara jin sunan ƙanenta a bakinta sai ta kifar mata da tiren tumatir. Ta dawo gida tana huci. Amma maganar ta biyo ta gida, ta shiga ɗaki ta zauna. Tun daga ranar in ya wuce kusa da akwatin gishiri sai idonta ya bi shi, ita kanta tana jin kunyar hakan.

Ana nan, wata rana ta dawo daga kasuwa da yamma ta biya ta duba kwandonta. A can ƙarshen dutsen, inda ciyawa ta rufa, ta ga ɗan tarin ɓawo. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. A buɗe yake, biyu haɗe, cikinsa fes kamar an wanke. Ta duba murfin kwandon. Ƙullin da ta yi yana nan yadda ta bar shi, wani irin ƙulli mai kunne biyu da babansu yake yi wa kwalekwale. Ta kwance, ta leƙa. Kumba ta ragu, kuma manya-manyan ne babu.

Ba ta fara da Auta ba, a faɗi gaskiya. Ta fara da mai wankin da ke shanya kaya a sama da gada, ta yi kwana biyu tana hararsa har bawan Allah ya sake wurin shanya. Ta koma kan sauran masu kumba, ta bi bayan bukkokinsu tana tona sharar ɓawonsu da ƙafa. Duk fasassu ne, aikin wuƙa. Ta zargi masu kamun kifi, ta zargi mai gadin gada, har Mai Maɓalli sai da ta auna shi a ranta, ta ga ai shi ɓawo yake so, ɓarawon nan kuwa ɓawon yake bari. Kuma abin ba ya faruwa sai ranar da ta tafi kasuwa. Duk ranar da ta wuni a bakin ruwa, ko ɗaya ba ya ɓata.

Ta ƙulle ɓawo ɗaya a bakin zane ta nufi shagon tsohon. Ta same shi ya sa tabarau yana huda. Ta ajiye masa a kan tebur ta ce, "Baba, duba min nan. Wa ya buɗe wannan?"

Ya juya shi, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya shafa gefen da babban yatsa. "Wace irin tambaya ce wannan? Ke mana."

"Ba ni ba ce."

Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "To, ni dai abin da na sani, wuƙa ba ta taɓa shi ba, wuta ba ta taɓa shi ba. Rana ce ta buɗe shi."

"Hannun gidanmu ke nan."

"Ni ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba."

"’Yar nan, ki tambaye shi a hankali. Yaron nan da ciwo ya dawo, ko makaho ya gani."

Ta ɗauke ɓawonta ta fita. A hanya lissafin ya zauna mata daram. Wa ya san jiran rana? Wa ya san ƙullin Baba? Wa ya san ranakun kasuwarta? Wa yake wuni a wurin da ƙugiyar da ba ta kama komai? Naman zai iya kai wa masu kiwon kifi a ɓoye, ɓawon ne ba zai iya kai wa tsoho ba don za a gaya mata, shi ya sa yake zubarwa. Abin da ya fi ƙona mata rai ba kumbar ba ce. Da ya ce yana so, wallahi da kwandon gaba ɗaya za ta ba shi. Yaron da ta tauna wa abinci ta sa masa a baki, shi ne zai jira ta juya baya.

Da magariba ta zuba masa shinkafa, ta bari ya kai cokali baki, sannan ta ajiye ɓawon a gefen kwanonsa.

Ya duba, sai fuskarsa ta saki. "Au, kin gani ke nan. Dama ina so in gaya miki, ina tsoron kada ki sa masa tarko. Ɓera ne, Yaya."

"Ɓera."

"Wallahi. Amma ba irin na gida ba." Ya ajiye cokalin, ya gyara zama. Tun da ya dawo ba ta taɓa jin ya jera magana haka ba. "Ya kusa kai ɗan kyanwa. Gashinsa baƙi-baƙi mai santsi, ruwa ba ya kama shi. Ƙafafunsa na baya akwai fata tsakanin yatsun, kamar na agwagwa. Ƙarshen wutsiyarsa fari fat. Nutsewa yake ya ɗauko ta a baki, ya hau dutse ya ajiye ta a rana, ya koma cikin ciyawa ya kwanta. Ba ya ko gwada fasa ta. Jira yake har ta buɗe, sannan ya fito ya cinye. Yadda Baba ya koya mana sak. Ranar da na fara gani sai da na yi ƙwalla."

Da bai ambaci Baba ba, da wataƙila ta sassauta. Jin sunan mahaifinsu cikin wannan tatsuniyar ya sa ta fusata.

"Gafiya ce?"

"A'a."

"Gyazbi?"

"Gyazbi ciyawa yake ci."

"Jaba?"

"Haba Yaya, na san jaba."

"To meye sunansa?"

"Ban sani ba. Na tambayi masu kamun kifi, ba wanda ya sani."

"Ni dai tun ina goye da kai nake cikin kogin nan," in ji ta. "Ba ramin da ban zura hannu ba. Abin da ba shi da suna ba ya cin kumbata. Kuma ɓeran naka har ƙullin Baba ya iya, ko? Ya kwance ya ɗiba ya mayar ya ɗaure?"

"Wannan ni ma ban gane ba tukuna. Amma ki zo gobe ki gani da idonki."

Ta je. Ba wanda zai ce ba ta je ba. Da hantsi suka sauka ƙasan gada, ya nuna mata inda yake zama cikin ciyawa, suka tsuguna. Rana ta ɗaga, dutse ya yi zafi, ƙudaje suka dame ta. Ta kori wannan, ta gyara ƙafa, ta sosa baya, kuma duk motsin da ta yi sai makullan ƙugunta su amsa. Ruwa yana ta wucewa, ba ɓera ba dalilinsa.

Auta ya matso ya yi ƙasa da murya. "Makullan nan ne, Yaya. Tun daga kan gada yake jin ki, shi ya sa ba ki taɓa ganinsa ba. Ki cire su, ki ba ni in kai can nesa in ajiye."

Ta juyo a hankali ta dube shi. Ashe nan aka dosa. An zaunar da ita a rana kamar kumba, ana jira ta buɗe.

"In ba ka makullaina."

"Ba haka nake nufi ba."

"Auta," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi ba, "masu siton nan ma haka ka gaya musu? Ka ce ɓera ne?"

Ya dube ta kamar yadda yake dubanta yana yaro in ta mare shi kan laifin da bai gane ba. Sannan ya tashi, ya kaɗe wandonsa, ya hau gangaren ya tafi. Ita kuwa ta zauna ta ƙarasa aikin ranar, tana gaya wa kanta ai gaskiya ce ta yi masa ɗaci.

Washegari da ta tashi, ɗakin a share yake, an naɗe katifa an jingine. Jaka babu. Makullin ƙofar gida yana rataye a ƙusar da ke jikin ƙyaure. Ta bi gidan kaf tana duba kwaɗuna, ta buɗe akwatin gishiri, ta ɗaga katifarta. Komai yana nan. Ta ce a ranta ai dama mai wayo ne, ba zai ɗauki abin da za a gane ba. Ta mayar da makullin cikin ’yan'uwansa, ta ƙi cin abinci ranar.

Ranar kasuwa ta zagayo, ta je ta dawo, ta biya ta ƙasan gada. Ga sabon tarin ɓawo a ƙarshen dutse, biyu-biyu haɗe, fes.

Da farko ranta ne ya ɓaci. Wato ya bar gidan amma bai bar kwandon ba. Ta ɗaga hannu za ta watsar da tarin cikin ruwa, sai ta tsaya. In yana zuwa nan, ai bai yi nisa ba ke nan. Yana cikin garin, wataƙila wajen masu lodi a tasha, ko a rumfar wani mai shayi. Yana da rai, yana da ƙafar sauka gangare, yana samun abin sawa a baki. Ta zauna a kan dutsen da ɓawo a hannu, ta ji wani sauƙi da rabonta da shi tun safiyar da ta ga makulli a ƙusa.

To daga nan fa matar da ke kulle gishiri ta shiga ciyar da ɓarawonta. Ta riƙa zaɓo manyan kumba tana sawa a sama-sama. Ta daina ƙullin Baba, ta koma ɗaurin da ko yaro zai zare. Ranar da ba ta da abin kaiwa kasuwa ma sai ta ƙirƙiro tafiya, don a sami sarari. Rannan ta naɗe burodi da soyayyen kifi a takarda ta ajiye a inda tarin yake. Da ta dawo an yaga takardar, ba ko ɓurɓushi. Ta ce oho, yunwa ta sa ko kwancewa bai tsaya yi ba. Ta kai masa rigar sanyinsa da ya manta a kan igiya, ta danne da dutse. Wannan kam ba a taɓa ba, har raɓa ta jiƙa ta. Ta ce girman kai ne, na gidansu ne, ta san shi.

Mai Maɓalli ne ya so ɓata mata lissafi. Ta kai masa ɓawo, yana dubawa ya ce, "Kin sami labarin yaron nan kuwa? Tun ranar da na gan shi ya hau babbar motar kaya raina bai kwanta ba."

"Wace mota?"

"Irin masu tafiya mai nisan nan. Da sassafe, ina buɗe shago. Ya ɗago min hannu."

Ta ƙura wa tsohon ido. Ta ga yadda yake kauce wa dubanta yana wasa da abin hudarsa, ta ce a ranta lalle, sun haɗa baki, shi ya ce a gaya mata haka don ta daina nemansa. Ta yi murmushi ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta kwashi buhunta ta fita. Tsohon ya bi ta da kallo, bai gane abin murmushi a maganar ba.

Amma son ganinsa ya ci ƙarfinta. Ba faɗa za ta yi ba, ba ma sai sun yi magana ba. So take ta ga ko ya ƙara ramewa. Ta san in ya ji ƙarar makullai ba zai sauko ba, shi da bakinsa ya ce tun daga kan gada ake jin ta. Saboda haka wata safiyar kasuwa ta tsaya a tsakar gida ta kwance igiyar daga ƙugunta. Jikinta ya yi mata wani iri, sakayau, kamar ta fita ba ɗankwali. Ta rataye su a ƙusa. Ta ja ƙofar gida ta bar ta a sake, ko zai biyo ta nan ya ga a buɗe ya shiga ya kwanta. Ta bi ta bayan gada ta shige cikin ciyawa, daidai inda ya taɓa zaunar da ita, ta tsuguna. Ƙudaje suka zo, ta bar su.

Ta daɗe. Idonta yana kan gangaren da mutum zai sauko, shi ya sa ba ta ga farkon abin ba. Motsi ta ji a ruwa, ta waiga. Wani ɗan kai ne baƙi yake tsaga ruwa daga wajen turke, da abu a baki. Ya kama gefen dutse ya hau. Ya girgiza jiki, ruwan ya zube, gashin ya tashi a bushe. Ta ga ƙafafun baya, ta ga fatar da ke tsakanin yatsu. Ta ga wutsiya, ƙarshenta fari fat.

Ya ajiye kumbar a inda rana ta fi bugawa, ya juya ta da hannuwansa har ta zauna daidai. Ya ɗaga hanci ya shinshina gabas da yamma, kunnuwansa suna rawa. Wani tsuntsu ya gifta, ya yi wuf ya faɗa ruwa, sai can ya sake leƙowa. Ya nutse ta ƙarƙashin kwandon, ta can ƙasa inda waya ta yi tsatsa ta ɓalle, wurin da ita ba ta taɓa dubawa ba don kullum murfi da ƙulli take dubawa. Ya fito da wata, ya jera ta kusa da ta farko. Sannan ya shige ciyawa ya kwanta, bai fi tsawon hannu biyu daga ƙafarta ba.

Suka zauna su uku, ita da ɓera da kumba, kowa yana tsoron wani. Kumbar ta kulle bakinta, ita a ganinta ta tsira, alhali a kan dutse take. Ɓeran shi ma matsoraci ne na ƙarshe, inuwa kaɗai tana korarsa, amma in ya gudu yana dawowa ya sake dubawa. Matar nan ta dubi wannan ta dubi wancan. Ta tuna ta kira ƙanenta kumba, daga baya a ranta ta kira shi ɓera, kuma duk cikin biyun ba wanda ya dace da shi. Shi ai ya buɗe baki. Sau ɗaya tak tun dawowarsa ya buɗe, fuskarsa tana haske, ita kuma ta zura masa wuƙa.

Kumbar ta fara saki, ɗan tsagi ya bayyana, ya ƙaru. Ɓeran ya fito a hankali, ya sa hannu ya zare naman, ya ci, ya lashe ɓawon tas ya tura shi kan tarin. Ya shinshina wurin da take ajiye burodi, bai sami komai ba, ya koma ruwa.

Ba ta san lokacin da ta fara kuka ba. Ba kukan kunya ba ne kaɗai, ko da yake kunyar tana nan. Abin da ya karya ta shi ne ashe ba ya garin. Duk burodin nan, duk manyan kumbar nan, ɓera ta yi ta yi wa hidima. Auta ya hau mota tun ran nan, ba waya, ba adireshi, da maganarta a kunnensa. Ta ce a fili, ba kowa sai ruwa, "Da ma kai ne kake satar."

Ta ɗauki rigar sanyin daga ƙarƙashin dutse ta hau gangare. Ba ta biya gida ba, ko tunawa da ƙofar da ta bari a buɗe ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin shagon Mai Maɓalli ta ce, "Baba, wace irin mota ka ce?"

Ya dubi ƙugunta, ya dubi idonta. "Mai jan kai ce, da tamfol kore. Inda ta nufa kuwa, Allah ban sani ba."

Ta wuce tasha. Wurin cike yake da hayaƙi da kaya da masu lodi, ta riƙa bin manyan motoci ɗaya bayan ɗaya, tana kwatanta shi: dogo, siriri, jaka ɗaya, ba ya magana. Wasu suka girgiza kai, wasu ko waigowa ba su yi ba. Can ta iske wani dattijon direba zaune a kan benci yana shan shayi. Ya saurare ta har ta gama, yana kallonta ta saman kofi, kallon da ita ta saba yi wa mutane.

"Baiwar Allah, mu fa ba mu cika nuna inda mutum ya tafi ba," in ji shi. "Wa ya sani ko gudun wani abu yake. Meye tsakaninku?"

"Ƙanena ne."

"To me ya yi miki? Ya ɗauke miki wani abu ne?"

Ta matse rigar a ƙirjinta. Sannan ta buɗe baki.

"Bai ɗauki komai ba," ta ce. "Ko makullinsa bai ɗauka ba."

Direban ya matsa gefe a kan bencin, ya ce ta zauna, masu jan kai sai la'asar suke shigowa.